Ranar da Sha Tara ta Raba Lambar Malam Hamisu

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da na zauna a ɗakin malamai, jan biro a hannu, na raba 510 511 da 19, rabon ya fita cif babu saura ba. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekaru talatin da na yi ina koyar da lissafi, wannan zan ba ku, ko da yake ban fito da kyau a cikinsa ba. Masu danna waya ku ajiye tukuna. Lissafin da ke ciki bai fi ƙarfin ɗan firamare ba, kada wani ya ce min kansa na ciwo.

A lokacin ina koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta a yankin New Bell, ba nisa da unguwar Hausawa. Wani Alhaji ɗan kasuwa ne ya kafa ta, yawancin ɗalibanmu kuma 'ya'yan unguwa ne, na mahauta da teloli da masu goro da ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Farkon shekarun casa'in ne, lokacin matsi. An zaftare albashi, kamfanonin Akwa, unguwar kasuwanci, suna ta sallamar mutane, gari kuma yau a buɗe gobe a rufe saboda yajin aiki. Iyaye suka fara janye yara ɗaya bayan ɗaya. Ajin da a da sai mutum uku sun matsu a benci ɗaya, ya koma kana iya ƙirga kawuna daga bakin ƙofa.

Muna da aji biyu na shekara ta huɗu, masu shirin jarrabawar birebe, wato jarrabawar gwamnati da ake yi a ƙarshen wannan shekarar karatu. Aji A yana hannun Malam Hamisu, aji B yana hannuna. A farkon shekara Alhaji ya tara mu ya ce baɗi za a haɗe azuzuwan, malamin lissafi ɗaya zai riƙe. Bai ambaci suna ba, amma ba wanda ya buƙaci a ambata. Malam Hamisu ya haura shekara ashirin a makarantar, shi ne shugaban sashen lissafi, shi ya koyar da ni a kan waɗannan bencina, shi kuma ya kama hannuna ya kai ni gaban Alhaji aka ɗauke ni aiki. Ni kuwa shekarata uku kacal. Na riga na fara bin shagunan Akwa ina tambaya ko ana neman mai tsaron kanti, matata kuma tana da ciki na biyu.

Bari in bayyana yadda muke aiki, don waɗanda ba su taɓa koyarwa a irin wannan makaranta ba. Kafin a kai sunayen ɗalibai ofishin jarrabawa, mukan yi musu jarrabawar gwaji a ƙarshen zangon farko. Wanda bai kai goma cikin ashirin a lissafi da Faransanci ba, ba a kai sunansa da sunan makaranta, sai dai ya je ya yi rajista da kansa. Dalili kuwa sananne ne: yawan waɗanda suka ci shi ake rubutawa a allo a bakin titi, shi ne kuma yake jawo iyaye. Shugaban sashe ne yake fitar da tambayoyi, ya rubuta amsoshinsu a takardar da muke kira korije, wadda kowa zai bi wajen ba da maki. Ana naɗe kusurwar da ke ɗauke da sunan ɗalibi a manne ta. Sannan ba a yarda malami ya duba takardun ajinsa ba. Ni nake duba na aji A, Malam Hamisu yana duba na aji B. Doka ta ƙarshe ita ce, duk wanda zai canza ko da harafi ɗaya a korije, sai ya rubuta dalili a babban littafin sashe ya sa hannu, littafin ya wuce wurin pirefe, wato mai kula da harkar karatu, daga nan ya isa teburin Alhaji.

Tambaya ta uku a jarrabawar waccan shekarar tsohuwar tambayar Malam Hamisu ce, yana sonta ƙwarai. Akwai lambobin da babu abin da yake raba su daidai sai ɗaya da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11. A aji mukan ce musu nombre premier, amma Malam Hamisu in ya juya zuwa Hausa gagararru yake ce musu, ni ma a bakinsa na ɗauka. Tambayar ta ce a ninka gagararru bakwai na farko, wato 2, 3, 5, 7, 11, 13 da 17. Abin da zai fito shi ne 510 510. A ƙara ɗaya, ya zama 510 511. Sai a faɗi ko biyu tana raba ta, a faɗi abin da zai saura in an raba ta da kowace daga cikin bakwai ɗin, sannan, a kan maki biyu, a faɗi ko gagararriya ce, da yawan lambobin da suke raba ta.

Korije ya ce biyu ba ta raba ta, wannan gaskiya ne. Ya ce duk wadda ka ɗauka cikin bakwai ɗin ɗaya zai saura, wannan ma gaskiya ne, tun da ɗayan nan da aka ƙara ba shi da wurin shiga. Daga nan sai ya ce, saboda haka gagararriya ce, masu raba ta biyu ne kawai, ɗaya da ita kanta.

Na duba takarda talatin da wani abu, kowa ya rubuta wannan jimla kamar karatun allo, ni kuma ina ta zuba maki biyu biyu, hankalina kwance. Ban ga abin tsayawa ba, domin haka aka koya min, haka kuma na koyar a ajina makonni uku kafin nan, har da ja layi a ƙarƙashi. Sai na iso wata takarda mai ƙananan rubutu a cunkushe. Mai ita bai rubuta jimlar ba. Ya cika gefen shafi da dogon rabo, ya gwada bakwai ɗin duka, sannan ya wuce zuwa 19. A ƙasa ya rubuta cewa 19 tana raba ta, don haka ba gagararriya ba ce.

Na ja jan layi a kai, na sa sifili, na wuce. Na duba takarda biyu a gaba, sai na dawo, ba don ina shakka ba, sai don ina so in nuna masa inda ya zame, kamar yadda aka horar da mu. Na ɗauki bayan wani ambulan na fara. Sha tara cikin hamsin da ɗaya, biyu, saura sha uku. Na sauko da sifili, ɗari da talatin, shida, saura sha shida. Na sauko da biyar, takwas, saura sha uku. Na sauko da ɗaya, shida, saura sha bakwai. Na sauko da ɗayan ƙarshe, ɗari da saba'in da ɗaya, tara, ba saura. Amsa 26 869. Na ninka ta da 19 don in tabbata, 510 511 ta dawo min yadda take.

Daga baya na ci gaba da abin da mai takardar bai ƙarasa ba, na tarar 26 869 ma tana rabuwa, 97 sau 277 ce. Ke nan lambar 19 ce sau 97 sau 277, masu raba ta kuma takwas ne, ba biyu ba. Hujjar korije ta nuna cewa bakwai ɗin nan ba sa raba ta, shi ke nan abin da ta nuna. Ba ta ce komai a kan gagararrun da suka fi 17 ba, mu ne muka sa mata maganar da ba ta faɗa ba. Na tara makin takardar, ya kama takwas da rabi. Da maki biyun nan zai zama goma da rabi.

Bayan azahar na tarar da Malam Hamisu a teburin mai shayi da ke gefen masallaci, inda ya saba zama kafin darasin yamma. Na jira har mutane suka ragu, na ajiye ambulan ɗin kusa da kofinsa.

Ya ce, "Mene ne wannan, Isiyaku?"

Na ce, "Malam, a taimaka a duba min wannan rabon, ko na yi kuskure."

Ya ciro tabarau, ya bi layukan da bakin biro. Da ya kai ƙarshe sai ya juya ambulan ɗin ya sake rabon da kansa tun daga farko, a hankali, leɓensa yana motsi. Ya yi na uku. Shayinsa ya huce bai taɓa ba.

Ya ce da Faransanci, "C'est pas possible," wato ba zai yiwu ba. Can kuma ya ce, "Ai kuwa ta shiga. Kai ka gano?"

Na ce wani ɗalibin ajinsa ne, ban san ko wane ne ba tun da sunan a manne yake. Na faɗa masa makin. Sannan na faɗi abin da na shirya tun a hanya. Na ce akwai tambayar zane a shafi na biyu, yaron ya yi ƙoƙari a can, zan iya nemo masa maki biyu a warwatse, rabi nan rabi can, ba wanda zai lura. Sunansa zai shiga, korije ya zauna yadda yake, baɗi a sauya tambayar shiru. Na faɗi haka da zuciya ɗaya, domin ina ƙaunar mutumin nan, kuma na san Alhaji. Alhaji bai san lissafin makaranta ba, amma ya san cewa albashin Malam Hamisu ya kusa ninka nawa, abin da ya hana shi taɓa shi kawai shi ne kunya da rashin dalili.

Malam Hamisu ya ninke ambulan ɗin ya sa a aljihu. Ya ce, "Bar ni zuwa gobe."

Washegari da safe ya shigo ɗakin malamai da wani tsohon littafin rubutu. Ya kira ni gefe ya buɗe. Ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. In ka tsaya a 2 ka ƙara ɗaya, 3 ce, gagararriya. In ka ninka 2 da 3 ka ƙara ɗaya, 7. Na gaba 31, sai 211, sai 2 311, duka gagararru, ya gwada su. Ya ce sau biyar a jere abin yana fita daidai, shi ya sa tun yana saurayi ya ɗauka doka ce, bai taɓa gwada ta shida ba. Ya nuna min ta shidan, 30 031, ya rubuta a gefenta 59 sau 509.

Ya ce, "Wannan ma na sha ba da ita. Shekara goma sha huɗu ina ba da ɗaya daga cikin biyun nan. Ban san yara nawa na ba sifili suna da gaskiya ba."

Na ce, "Malam, maganar jiya tana nan."

Ya ce, "Na gode, Isiyaku. Amma in ka nemo wa mutum ɗaya maki, sauran fa? Da wannan ƙaryar a kansu za su shiga ɗakin jarrabawa. In na je aji na gyara, kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Gara Alhaji ya gani da rubutuna. Miƙo min littafin sashe."

Na miƙa masa. Ya rubuta layi huɗu da Faransancinsa na tsofaffin malamai: amsar tambaya ta uku a korije kuskure ce, lambar tana rabuwa da 19 da 97 da 277, a ba wanda ya amsa daidai makinsa, kada kuma a cire wa sauran nasu tun da abin da aka koya musu suka rubuta. Ya sa hannu, ya busa tawadar, ya kai wa pirefe da kansa.

Da aka ɓare sunaye, sai ga shi takardar ta wata yarinya ce, Zuwaira, 'yar wani tela. Ba ta cikin na gaba-gaba a ajin, ba ta kuma cikin na baya, irin ɗaliban da sai ka duba rajista kake tuna suna nan. Malam Hamisu ya kira ta gaban allo ya ba ta alli, ni ina tsaye a baya. Ta yi rabon, ta ɗauka hukunci ne. Da ta gama ya tambaye ta abin da ya sa ta gwada 19.

Ta ce, "Malam, ni ban gane bayanin da aka yi mana ba ne. Na kasa haddace jimlar, shi ne na ce bari in ci gaba da rabawa ko zan dace."

Ajin ya fashe da dariya, shi ma ya yi. Sannan ya ce musu su buɗe littattafansu su soke abin da ya sa su rubuta, ya tsaya har kowa ya soke. Ni ma na yi haka a ajina da yamma, amma ban ce ni na koyar da kuskure ba. Na ce an samu gyara daga sashe.

Ranar Asabar Alhaji ya kira mu ofishinsa da ke saman kantinsa a Akwa, ni da Malam Hamisu da pirefe. Mun shiga tasi ɗaya ni da Malam, ba mu yi wata magana ba sai ta zafin gari. Yana riƙe da babban ambulan mai ɗauke da takardun aji B, nawa ke nan, waɗanda ya gama dubawa zai miƙa wa pirefe a kulle a kabad. Pirefe jimillar maki kawai yake karɓa, ba ya buɗe takardu.

Littafin sashe yana buɗe a gaban Alhaji. Ya sa pirefe ya karanta masa layukan huɗu ya fassara, ya saurara yana jan carbi. Ya tambaya ko iyaye sun ji. Pirefe ya ce sun ji, har wasu biyu sun zo tambaya. Ya tambayi Malam Hamisu shekara nawa yana koyar da wannan abu, ya ce goma sha huɗu. Alhaji ya girgiza kai. Ya tambaya wa ya gano.

Pirefe ya ce, "Malam Isiyaku ne ya kawo maganar."

Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Madalla. Ashe kai ka san daidai. Ke nan yaran ajinka ba su faɗa wannan ramin ba."

Ba tambaya ya yi ba, amma ya dakata yana kallona, irin dakatawar da ake ba mutum ya ce wani abu. Takardun ajina arba'in da ɗaya suna kan cinyar Malam Hamisu. Ya duba su da hannunsa a cikin makon nan, ya ga kowace ɗaya tana ɗauke da jimlar nan, da layin da na sa su ja a ƙarƙashi. Da ya zaro guda ɗaya ya ajiye a tebur, da magana ta koma inda take tun farkon shekara: malamai biyu masu kuskure ɗaya, a sallami ƙaramin. Na tuna matata, na tuna shagunan da na bi ba wanda ya ce in dawo. Na sunkuyar da kai, ban ce eh ba, ban ce a'a ba.

Malam Hamisu ya ce, "Alhaji, korije ni na rubuta shi, ni kuma na sa hannu. Maganar a kaina take."

Ya miƙa wa pirefe ambulan ɗin a rufe.

Sunan Zuwaira ya shiga jerin da aka kai ofishin jarrabawa. A ƙarshen shekara aka haɗe azuzuwan, aka yi wa Malam Hamisu walima da jawabai, aka ce ya gaji, ya kamata ya huta. Ni aka ba ajin da shugabancin sashe. Ya koma wurin ɗansa a unguwar Sodiko, yana tara yaran maƙwabta a zaure yana koya musu. Nakan je gaishe shi duk sallah. Yakan tambaye ni makaranta da iyali, ya sa a kawo min abinci, ya raka ni har bakin titi. Sau da yawa na ɗauko maganar ofishin Alhaji tun daga gida, in na zauna a gabansa sai ta maƙale. Shi kuma bai taɓa buɗe min ƙofarta ba, har Allah ya karɓi ransa.

Abin da na koya a fannin aiki ba shi da wuya. Mu malaman lissafi muna bin rubutun yaro layi layi muna neman inda ya zame, amma takardar amsoshin da ke gefen hannunmu ba mai dubawa, musamman in wanda ya rubuta ta shi ya koyar da mu. Abu ya fita daidai sau biyar ba ya nufin zai fita na shida. Tun daga ranar, duk lambar da zan ce wa yara gagararriya ce, sai na zauna na raba ta da hannuna har inda ya kamata, komai girmanta, kuma korijen da na rubuta sai na ba mafi ƙanƙanta a sashe ya nemi kuskurena.

Na yi shekaru ina ba da wannan labari a tarukan malamai irin wannan, amma a ajin Zuwaira nake tsayar da shi, a yi dariya, a yaba wa tsoho mai gaskiya, a yaba wa matashin da ya sake rabo. Yau ne karo na farko da na hau da shi saman kantin Alhaji. Kun gabatar da ni ɗazu a matsayin wanda ya shekara ashirin da bakwai yana shugabantar sashen lissafi. Haka ne. Kujerar kuwa na same ta ne da shirun da na yi na minti ɗaya, mutumin da aka cire daga kanta yana zaune kusa da ni, shaidar tana kan cinyarsa, ya ƙi buɗewa.